Zan bar aikin jarida in koma hulɗa da jama'a: shin na ci amanar sana'ata?

Wani ɗan jarida ya rubuto yana cewa: "Na shafe sama da shekara goma ina ɗauko labaran siyasa, galibi daga majalisa da ofisoshin jam'iyyu, kuma ina da shafin sharhi da nake rubutawa duk mako. Kwanan nan wani kamfanin hulɗa da jama'a, wato masu kula da suna da martabar waɗanda suka ɗauke su aiki a idon jama'a, ya yi mini tayin aiki, in shugabanci sashen da ke kula da 'yan siyasa da hukumomin gwamnati. Albashin ya ninka wanda nake karɓa, ga iyali sun ƙaru, ga namu albashin ba ya zuwa a kan kari. Sai dai cikin waɗanda kamfanin ke yi wa aiki akwai wani da na sha caccaka a rubuce-rubucena. Abokan aikina sun fara yi mini habaici cewa an saye ni. Editana ya ce ba ya son rasa shafina, zan iya ci gaba da rubutawa ko da da sunan aro ne. Shin idan na karɓa na ci amanar sana'ata? Zan iya riƙe shafin? Kuma idan aikin bai karɓe ni ba, akwai hanyar komowa?"

Malam, Allah ya yi maka jagora. Karɓar wannan aiki ba cin amana ba ne, kuma babu kunya ga magidanci ya nemi inda zai riƙe iyalinsa cikin mutunci. Hanyar komowa ma akwai, ko da yake ba a buɗe take ga kowa ba. Tambayarka ta tsakiya ce ta fi ɗaukar hankalina, domin a cikinta haɗarin yake, kuma amsata a kanta ita ce a'a: ranar da ka sa hannu a takardar kamfanin nan, ranar ya kamata ka ajiye shafin.

Hanyar da kake shirin bi tsohuwa ce. Ivy Lee, wanda ake ƙidayawa cikin waɗanda suka aza harsashin hulɗa da jama'a na zamani a Amurka, ɗan jarida ne tun asali, kafin ya fitar da ƙa'idojin aikinsa a 1906. Alastair Campbell ya taɓa zama editan siyasa a jaridar Daily Mirror kafin ya zama kakakin ɗan siyasar Birtaniya Tony Blair a 1994. Jay Carney ya jagoranci ofishin mujallar Time na babban birnin Amurka, ya zama kakakin fadar Shugaba Obama daga 2011 zuwa 2014, daga baya ya koma kamfanin Amazon. A Najeriya, Olusegun Adeniyi ya bar jaridar ThisDay ya yi magana da yawun Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Reuben Abati ya bar jaridar The Guardian a 2011 ya yi wa Shugaba Goodluck Jonathan, sannan Femi Adesina da Garba Shehu, waɗanda kowannensu ya taɓa shugabantar ƙungiyar editoci ta ƙasa, suka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari daga 2015 zuwa 2023. Cikin masu irin wannan ƙaura akwai waɗanda suka fita da mutuncinsu, akwai waɗanda suka bar shi a can, kuma abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya riƙe kansa bayan ya tsallaka.

Kafin komai, ka tambayi kanka abin da kamfanin ke saye. Masu iya rubuta sanarwar manema labarai suna da yawa, kuma za a same su da araha. Abin da ya sa aka ninka maka albashi shi ne lambobin da ke cikin wayarka, da sanin da ka yi wa ɗakin labarai ciki da bai, wato wane edita ne ke yanke hukunci a kan shafin farko, da ƙarfe nawa ake rufe jarida, da irin labarin da ke mutuwa da kansa cikin kwana biyu idan ba a tanka ba. Sama da waɗannan duka, ana sayen sunanka: idan ka ɗaga waya ka ce wa wakili abu kaza bai faru ba, zai yarda, domin shekara goma bai taɓa kama ka da ƙarya ba. Wannan yarda ita ce jarinka, kuma ba kamfanin ne ya tara maka ita ba. Masu karatu ne suka ba ka, da majiyoyin da suka saki jiki da kai, da abokan aikin da suka ga yadda kake tantance labari. Sanin aiki naka ne, ka sayar da shi yadda ka ga dama. Yardar mutane kuwa ajiya ce a hannunka, kuma duk abin da zan faɗa daga nan a kan yadda za ka tsare ta ne.

Dubi yadda al'amarin shafin zai kasance a aikace. Daren da za ka miƙa sharhinka, majalisa tana muhawara a kan wani ƙudiri, kuma ɗaya daga cikin waɗanda kamfaninku ke yi wa aiki shi ne ya gabatar da shi. Idan ka yabi ƙudirin, ko da ya cancanci yabo, ka yi talla a shafin da mai karatu ya ɗauka na ra'ayi ne mai zaman kansa. Idan ka soke shi, ka saɓa wa wanda ke biyanka, kuma gobe da safe za a kira ka ofis. Idan ka kauce ka yi rubutu a kan wani abu daban, to shirun ma an biya shi, domin da ba ka karɓi aikin ba da a kan ƙudirin za ka yi magana. Haka kuma duk ranar da ka soki abokin hamayyar wanda kuke yi wa aiki, ko da hujjarka ta fi ƙarfe ƙarfi, babu wanda zai iya rantsuwa, har kai kanka, cewa gaskiya ce kaɗai ta motsa alƙalamin. Taura biyu ba ta taunuwa. Sunan aro kuma ya fi muni, domin shi ne ke mayar da abin daga sakaci zuwa yaudara da gangan: ka san akwai abin da mai karatu ya kamata ya sani, ka ɓoye masa. Irin wannan asiri ba ya daɗewa a tsakanin 'yan jarida, waɗanda suka san salon rubutun junansu kamar yadda suka san muryoyin juna, kuma ranar da ya tonu zai ƙona ka, ya ƙona jaridar, ya shafi kamfanin da ya ɗauke ka. Na fahimci editanka, rasa marubucin da ke jawo masu karatu ba abu ne mai sauƙi ba, amma tayin da ya yi maka ba alheri ba ne gare ku duka biyu.

Idan kana ƙaunar rubutu, kuma na tabbata kana ƙaunarsa, babu abin da ya hana ka rubuta maƙala jefi-jefi da cikakken sunanka, a ƙarƙashinta a bayyana inda kake aiki da wanda kake wakilta. Mai karatu zai auna maganarka da ma'aunin da ya dace. Shafinka na ƙarshe kuwa ka yi shi na bankwana, ka gaya wa masu karatu ƙarara inda za ka, kada su tsinci labarin a bakin wasu. Akwai ma abin da ya fi wannan gaggawa: tun daga ranar da aka yi maka tayin, duk rahoton da ka rubuta a kan wani da kamfanin ke yi wa aiki ya shiga zargi. Ka nemi jerin sunayensu, ka kai wa editanka, ka roƙe shi ya ba wani wakili labaran da suka shafe su har ka yanke shawara. Idan daga ƙarshe ba ka tafi ba, babu abin da ka rasa.

Sai batun da ba ka ambata ba a wasiƙarka, wanda a ganina ya fi habaicin abokan aikinka nauyi nesa ba kusa ba. Shekara goma a fagen siyasa tana nufin kanka cike yake da asiran mutane: ƙaramin ma'aikacin da ya miƙo maka kwafin takarda yana waige-waige, hadimin da ya kira ka tsakar dare ya ce kada ka ambaci sunansa, ɗan majalisar da ya faɗa maka abin da aka tattauna a zaman sirri. Ƙa'idojin aikin jarida, ciki har da waɗanda 'yan jaridar Najeriya suka amince da su a Ilorin a 1998, sun wajabta ɓoye majiyar da aka yi wa alƙawari, kuma wannan alƙawari ba ya ƙarewa da ajiye aiki. Ka sa a ranka cewa wata rana za a gwada ka. Kuna zaune a taro, an buga labarin da ya fusata wani babba, sai ya juyo ya dube ka ya ce, "Malam, kai da ka fito daga cikinsu, wa yake tsegunta musu abubuwan ofishina?" Wataƙila ka san amsar, wataƙila ma mutumin yana zaune a ɗakin. Ka tanadi abin da za ka ce tun yanzu, ka faɗe shi cikin ladabi ba tare da in'ina ba: "Ranka ya daɗe, abin da na sani a wancan aikin amana ce, kamar yadda abin da na sani a nan zai zama amana idan na bar ku." Mai hankali zai ji daɗin wannan amsa, domin ta nuna masa cewa nasa asirin ma a rufe yake. Wanda ya fusata kuwa ya nuna maka abin da ya ɗauke ka ka yi masa. Tsofaffin littattafanka na rubutu, da muryoyin da ka naɗa, da saƙonnin da ke wayarka, kada ko ɗaya ya shiga kwamfutar sabon ofis.

Game da mutumin da ka caccaka, ka koma ka karanta abin da ka rubuta. Idan gaskiya ne kuma ka tabbatar da shi a lokacin, to yana nan a matsayin gaskiya, kada ka janye shi, kada ka roƙi a goge shi daga intanet, kada kuma ka fito kana cewa a da ba ka fahimci mutumin ba ne. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta zubar da mutuncin masu ƙaura da yawa, domin tana gaya wa jama'a cewa ko dai jiya ka yi ƙarya, ko yau kake yi. Idan kuwa ka ga inda ka zalunce shi, ka gyara tun kana ɗan jarida, kafin albashin kamfani ya fara shiga aljihunka. Sa'ar da ka yi ita ce kamfani ne ya neme ka, ba kakakin mutum ɗaya za ka zama ba, saboda haka kana da damar ka ce a ba wani ma'aikaci aikin wannan mutumin. Ka nemi a rubuta hakan a yarjejeniyar aiki, tare da 'yancinka na ƙin karɓar duk aikin da ya saɓa wa ƙa'idar sana'a. Tun ran gini ran zane. Yadda shugabannin kamfanin suka karɓi wannan buƙata zai gaya maka halinsu fiye da duk abin da suka faɗa a hirar ɗaukar aiki.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa hulɗa da jama'a sana'ar ƙarya ce, kuma abin takaici wasu masu yin ta sun ba da dalilin zargin. Gaskiyar magana ita ce aikin ya halatta ka tsaya a ɓangare ɗaya, ka fito da abin da ya ƙarfafa wanda kake wakilta, ka zaɓi lokacin magana, ka kuma yi shiru. "Ba zan iya cewa komai a kan wannan ba yanzu" amsa ce ta mutunci. "Bari in bincika, zan kira ka kafin ku rufe" ita ma haka, muddin ka kira. Abin da bai halatta ba shi ne ka ce abu bai faru ba alhali ya faru. Amma ƙaryar da na fi ji maka tsoro ita ce wadda za ka yi ba ka sani ba, domin an ba ka bayani ka fita da shi ba ka tantance ba. Shi kansa Ivy Lee, da ya yi wa iyalin Rockefeller aiki a 1914 bayan kisan da aka yi wa ma'aikatan haƙar kwal da iyalansu a Ludlow ta jihar Kolorado, ya rarraba takardu ɗauke da bayanan da kamfanin haƙar kwal ɗin ya ba shi, daga baya aka gano wasunsu ba gaskiya ba ne, kuma tabon ya bi sunansa har yau. Saboda haka ɗabi'ar da ta sa ka yi suna, wato neman hujja ta biyu kafin ka yarda, kada ka bar ta a ɗakin labarai. Ka juya ta kan masu ba ka aiki. Idan aka ce maka an kammala aiki kaza, ka nemi ganin takarda ko ka je wurin. Ka kuma dage a riƙa sa ka a zaman da ake yanke shawara, domin jami'in da ake kira bayan an gama komai a ce ya je ya yi bayani, an mayar da shi lasifika ne kawai, kuma shi za a fara jifa idan magana ta ɓaci.

Ka kuma san tun yanzu abin da idan aka nemi ka yi za ka ajiye aiki. Jerald terHorst wakilin jaridar Detroit News ne da Shugaba Gerald Ford na Amurka ya naɗa kakakinsa a watan Agustan 1974. Wata ɗaya kacal ya yi, ya ajiye aiki a ranar 8 ga Satumba, ranar da Ford ya yi wa tsohon Shugaba Richard Nixon afuwa, domin ya ce zuciyarsa ba za ta bar shi ya kare wannan hukunci ba. Ba kowa ne zai yarda da matsayinsa a kan afuwar ba, amma babu wanda ya ƙara shakkar maganarsa, kuma jaridarsa ta sake buɗe masa ƙofa. A ɗaya gefen akwai kamfanin Bell Pottinger na Birtaniya, wanda ya yi wa kamfanin iyalin Gupta aiki a Afirka ta Kudu da salon da ya rura wutar gaba tsakanin baƙaƙe da fararen fata. A watan Satumban 2017 ƙungiyar masu sana'ar ta kore shi, cikin 'yan kwanaki ya durƙushe, kuma ma'aikatan da ba su da hannu a wannan aiki ma suka rasa abincinsu. A wannan zamani irin abin da za a iya nema daga gare ka bai wuce buɗe shafukan bogi a Facebook da X don zagin abokan hamayya ba, ko shirya labarin ƙanzon kurege a ɓoye tushensa, ko kai wa wakili toshiyar baki don ya binne rahoto. Na ƙarshen nan shi za a fi ɗora maka, domin kai ka san wanda ke cikin matsi a cikinsu. Ina roƙonka kada ka zama mai amfani da talaucin tsofaffin abokan aikinka, talaucin da kai kanka ka gudo daga gare shi.

Dangantakarka da su za ta canja, kuma gara ka karɓi hakan da zuciya ɗaya. Za su daina magana idan ka shigo ana tattauna labari, kuma daidai suka yi. Wanda ka koya wa aiki zai yi maka tambaya mai zafi a gaban kyamara, shi ma daidai ya yi, kada ka kira shi daga baya kana tuna masa zumunci, kada kuma ka tsallake shi ka kira editansa. Allegra Stratton ta yi aiki a BBC da tashar talabijin ta ITV kafin ta zama kakaki a fadar Firaministan Birtaniya, kuma ITV ɗin da ta baro ce ta watsa faifan bidiyon da ya sa ta yi murabus a watan Disamban 2021. Tsohon gidanka ba zai ɗaga maka ƙafa ba, bai kuma kamata ka so ya ɗaga ba. Habaicin da suke yi yanzu zai lafa idan suka ga kana ɗaukar waya, kana ba da amsa a kan lokaci, kuma abin da ka faɗa yana tabbata.

Kada ka shiga da tunanin cewa ka riga ka iya aikin. Rubutu da mu'amala da manema labarai kaso kaɗan ne a cikinsa, akwai tsara kasafi, da nazarin ra'ayin jama'a, da shirin tunkarar rikici tun bai auku ba, da haƙurin zama da wanda ke biyan kuɗi ko da shawararsa ba ta yi maka ba. Ɗan jarida ya saba ya gama labari yau ya manta da shi gobe, nan kuwa aiki ɗaya zai iya ɗaukar watanni. Idan a Najeriya za ka yi, doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1963, ikon yi wa masu sana'ar rajista, saboda haka ka yi taka. Ka kuma tuna cewa aikin da ya jingina da 'yan siyasa yana hawa da sauka da zaɓe. Kada ka ɗaga tsarin rayuwar gidanka ya kai tsayin sabon albashin, ka ware abin da zai riƙe ku wasu watanni, domin wanda ba shi da ajiya ba ya iya cewa a'a.

Komowa kuwa tana yiwuwa. Adeniyi ya koma ThisDay ya shugabanci kwamitin da ke rubuta ra'ayin jaridar, Abati kuma ya koma gabatar da shiri a tashar Arise. Sai dai ka lura cewa galibin masu komowa a matsayin masu sharhi suke dawowa, inda aka san kowa da ra'ayinsa, da wuya su koma ɗauko rahoto a fagen da suka yi wa wani ɓangare aiki. Idan ranar ta zo, ka bar tazara tsakanin ayyukan biyu, ka nemi a ba ka wani fanni da ba siyasa ba na ɗan lokaci, ka miƙa wa sabon editanka sunayen duk waɗanda ka taɓa wakilta, kuma duk lokacin da sharhinka ya taɓa ɗaya daga cikinsu, ka faɗa wa mai karatu a sakin layi na farko cewa ka taɓa yi masa aiki.